Ruwa Ma Sai Ya Nuna

Wata uku da suka wuce na je Dugabau ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha, jama'a sun fara watsewa, sai ɗan yayana ya ja ni gefe ya ce, "Baffa, zo ka ga wani abu." Muka zaga bayan ɗakin mahaifiyarsa, dab da turken awaki. Sai ga tankin tamfol shuɗi, sabo ful, an kafa shi da ƙarafa, cike da ruwa garai-garai har kana hango gindinsa. Ya ce ranar Asabar zai shiga Kano ya ɗauko 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyar, har ya ba da kafin alƙalami.

Na tambaye shi yaushe ya zuba ruwan. Ya ce jiya da la'asar. Na ce to ka kira mai kifin, ka ce ya ɗaga maka zuwa wata guda. Ya dube ni kamar na ce ya ɗauki jarinsa ya jefa a rijiya.

"Baffa, ruwan fa na burtsatse ne. Shi muke sha."

Ban ga laifinsa ba, domin wannan magana tasa ni ma na taɓa yin ta, kuma na biya kuɗin makaranta a kanta. Shekara shida ke nan na sayo wa 'yata akwatin gilashi na kifin ado, irin wanda ake ajiyewa a falo, da fitilarsa da 'yar filtarsa da tsakuwa masu launi. A shagon aka haɗa mini komai, aka ƙulla kifi takwas jajaye a leda aka miƙo mini. Na zo gida na tara ruwan famfo, na juye su, muka zauna muna kallo kamar an kawo sabuwar talabijin. Kwana uku ruwa ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Kwana biyar kifin suka taso sama suna ta buɗe baki. Kafin kwana goma saura ɗaya. A gidan kowa ya kawo fassararsa. Uwargida ta ce yunwa ce, aka ƙara abinci. Wata baƙuwa ta ce kambun baka ne, tunda duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni kuma na ce ƙazanta ce, na kwashe komai na wanke tas da sabulu, har soson filtar na dirje a bakin famfo, na koma na sayo wasu. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce," ya ƙulla mini shida. Su ma suka bi sawun na farko.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ruwa ba ya tsami banza. Sai da na yi asara sau biyu sannan na nemi sanin abin da ke faruwa a cikin wannan akwati, kuma abin da na gano ya ba ni kunya saboda sauƙinsa. Kifi a cikin bayan-gidansa yake kwana. Duk abincin da ya ci, musamman mai gina jiki, jikinsa yana fitar da ragowarsa a matsayin sinadarin amoniya, wato wannan abu mai hawa kai da kake ji idan ka shiga ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba. Mafi yawansa ma ba ta kashi yake fita ba, ta wannan jan naman da ke ƙarƙashin kumatunsa yake fita, inda yake numfashi. Ga kuma abincin da ya nutse bai ci ba yana ruɓewa, shi ma amoniyar yake bayarwa. A madatsar Guzuguzu ko ta Magaga wannan ba abin damuwa ba ne, ruwa ya yi wa kifin yawa, ga laka, ga ciyayi. A tankin lita dubu kuwa babu inda dafin zai je. Kuma ba ya da launi. Ruwa zai iya yin haske kamar hawaye alhali yana ƙona kifi.

Abin da ke cece su a kogi da tafki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda amoniyar nan ita ce tuwonsu. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita wani sinadari da ake kira nitirait. Shi ma dafi ne, har ya fi iya kisan mummuƙe: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kifi ya shaƙe alhali akwai iska a ruwan. Sai kashi na biyu su karɓa, su mayar da nitirait zuwa nitiret, wanda kifi ke iya jure wa da yawa, shuka kuma take sha a matsayin taki. Wani masani haifaffen Kiev, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware waɗannan halittu a shekarar 1890 lokacin yana aiki a Zurich. An daɗe littattafai suna cewa Nitrobacter ce ke yin aiki na biyu a akwatunan kifi, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a ruwan daɗi galibi wata ce daban, Nitrospira. A 2015 kuma aka gano akwai irin Nitrospira da ke yin aikin biyu ita kaɗai, kuma ɗaya daga cikin ayarin da suka gano hakan, na Jami'ar Radboud a ƙasar Holan, daga filtar wani gidan kiwon kifi suka samo tasu. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka maganar 'yan gayu ce masu ajiye kifi a falo. Ilimi ne da har yanzu manya ke tonawa.

Matsalar ita ce waɗannan ma'aikata ba sa zuwa tare da sabon tanki, kuma ba su da gaggawa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20 idan ta samu wuri. Waɗannan kuwa sai su kusan kwana su wuni kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa kafin su yi yawan da za su iya cinye ƙazantar kifi, ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, a lokacin hunturu ma fiye, domin sun fi son ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. Sannan ba a cikin ruwan suke yawo ba. Manne suke a jikin abubuwa: tsakuwa, soso, bangon tanki, duk inda ruwa mai iska ke wucewa. Wannan santsin da na dirje da sabulu ina ganin tsafta nake yi, su ne. Da hannuna na kore masu yi mini shara, na kuma bi su da ruwan famfo mai sinadarin kilorin, wanda dama don kashe ƙwayoyin cuta ake zuba shi a matatar ruwa.

Da nake yi wa yaron wannan bayani a gindin tankinsa, mahaifiyarsa tana zaune tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wato dai ruwan ne bai nuna ba." Ban taɓa jin wanda ya faɗi abin a taƙaice kamar haka ba. Kuma ba daga littafi ta ɗauko ba. Mu mutane ne da suka daɗe suna aiki da halittun da ba su gani. Mai daddawa ta san idan ta dafa kalwa ta rufe, sai ta ba ta kwanakinta, ba ta buɗewa don kasuwa ta matso. Bafillatana ta san madara ba ta zama kindirmo sai an ɗiga mata ɗan tsohon nono an bar ta ta kwana. Marina na Ƙofar Mata, wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ba sa haɗa baba da toka yau su tsoma zane yau. Sai an bar ramin yana aiki, ana motsawa, ana duban kumfa da wari, har ranar da mai karofi zai ce ya yi. Wanda ya tsoma kafin ranar, turmin yadinsa ya ɓata. Manomin Kabo ma ya san bambancin ruwan farko da zaman damina. To me ya sa da aka zo kan kifi muka ɗauka ruwa ruwa ne kawai?

Ina ganin dalilin shi ne kiwon kifi baƙo ne a wurinmu, kamun kifi ne ɗan gida. Kakanninmu sun san tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, sun san koma da taru da mali, amma ruwan Allah ne ya rena musu kifin, su dai su je su kamo. Ko da aka yi manyan madatsu, Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, da Watari a Ɓagwai, da Challawa a Ƙaraye a 1992, abin da ya ƙaru shi ne wurin su. Kifi ya shigo tsakar gida ne kwanan nan, cikin siminti da roba da tamfol, ya zo da tankinsa da buhun abincinsa, amma ilimin ruwansa bai biyo shi ba. Ko a Ingila, inda aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin Landan a 1853, sun daɗe suna kashe kifi kafin su gane. Bambancin kawai shi ne su yau ko yaro ya sayi akwatin kifi ana gaya masa ya jira, mu kuwa ana ƙulla masa a leda.

Ga mai akwatin gilashi, abin da za a yi ba shi da wuya, haƙurin ne da wuya. Ka haɗa akwatinka, ka zuba tsakuwa, ka cika da ruwa. Idan na famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe ko a ɗiga maganin cire kilorin. Ka kunna filta, kada ka kashe. Kullum ka barbaɗa ɗan abincin kifi kamar akwai mai ci, domin ya ruɓe ya ba da amoniyar da bakteriyar za su rayu a kai. Akwai 'yan takardun gwaji da ruwan ɗigawa da ke sauya launi su nuna maka abin da ke ciki. Mako na farko zuwa na biyu za ka ga amoniya tana hawa. Daga nan ta fara sauka, nitirait ya hau, kuma a nan ne mutane suka fi karaya, domin yakan daɗe a sama kamar ba zai sauko ba. Ranar da ka gwada ka ga duka biyun sun koma sifiri alhali kana ci gaba da zuba abinci, ga kuma nitiret ya bayyana, ruwa ya nuna. Ka zubar da kamar rabi, ka ƙara sabo, ka kawo kifi biyu ko uku. Ba takwas ba. Bayan mako biyu ka ƙara. Wanda kuma ya san wani mai tsohon akwati lafiyayye, ya roƙi guntun soson filtarsa ko tafi guda na tsakuwarsa, ya kawo su a jiƙe ya sa a tasa filtar. Wannan shi ne ɗan tsohon nonon, yana rage jira sosai. Tsohon ruwa kaɗai ba ya yin wannan aiki, tunda ba a ruwan suke ba.

Sai dai ba zan yaudari kowa ba, tankin tamfol na Dugabau ba akwatin falo ba ne, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. Yawancin masu tarwaɗa a gidajenmu ba su da filta ko kaɗan. Dabararsu ita ce sauya ruwa: a buɗe bututu ya tsiyaye, a sake cikawa. Wanda ke yin haka, ko ya jira wata uku, bangon tamfol mai sulɓi ba zai tara bakteriyar da za ta ɗauki ƙazantar kifi ɗari biyar ba. Don haka ban ce wa yaron ya zauna ya zuba wa ruwa ido kawai ba. Cewa na yi mu ɗauki biro.

Masana kiwon kifi suna da wani ƙiyasi: kowane kilo ɗaya na abincin kifi yana haifar da kusan giram 30 na amoniya. 'Ya'yan tarwaɗa 500, kowanne giram 10, kilo 5 ke nan. Idan ana ba su kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu a rana, giram 250 ne na abinci. A tankin lita 1,000 wannan zai zuba kamar miligiram 7 na amoniya a kowace lita, kowace rana, alhali mai akwatin ado hankalinsa tashi yake idan ya ga miligiram 1. Kuma wannan tun suna 'yan yatsa ke nan. Wata biyu gaba abincin ya ninka sau da yawa. Yanzu a koma kan ruwan. Lita 1,000 jarka 40 ce ta lita 25. Sauya rabi kullum jarka 20. Na tambaye shi, burtsatsen nan taku ce ku kaɗai? Ya ce ta unguwa ce. Na ce a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, mata da yara suka yi layi da bokitai tun asuba, kai za ka turo kura ka ɗebi jarka 20 don kifi, kullum? Ya yi shiru. Mahaifiyarsa ta ce, "Wallahi da ni za a yi faɗan, ba da shi ba."

Wannan lissafi shi ne abin da babu mai yi wa sabon shiga. Kiwon kifi a tsakar gida hanya biyu ce: ko kana da ruwa mai yawa na zubarwa, ko kana da bakteriya masu tsabtace wanda kake da shi. Mutumin da ke gefen madatsa ko mai burtsatsensa da sola yana iya bin ta farko. Mutumin Dugabau da Durun da Gammo da Kutama, wanda ruwansa a ƙirge yake, ta biyu ce ta fi dacewa da shi, ko ya rage yawan kifin ya daidaita da ruwansa. Kuma ta biyun ba sai an sayo injin ƙasar waje ba. Durom na roba, a cika shi da tsakuwa wankakkiya da tsingaro da tsofaffin sosuna ko murafan gorar ruwa, ƙaramin famfo mai aiki da sola ya ɗebo ruwa daga tanki ya yayyafa a samansa, ya tsiyaye ya koma. Ba zai hana sauya ruwa gaba ɗaya ba, kuma dole a riƙa kwashe dattin da ya kwanta a gindi, amma zai rage jarkokin ƙwarai. To shi wannan durom ɗin shi ne ke bukatar watansa guda kafin ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai tankin siminti kuma yana da nasa jiran na daban, wanda ya ma fi gaggawar kisa. Sabon siminti yana sakin wani abu mai kaifi irin na kanwa a cikin ruwa, ya ɗaga abin da masana ke kira pH. Shi kansa yana ƙona fatar kifi, sannan yana ƙara wa amoniya dafi: a ruwa mai ɗumin digiri 25, idan ma'aunin yana 7, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne na amoniyar ke cikin siffarta mai kisa, idan ya hau 8 sai ya ninka wajen sau goma. Zafi ma yana ƙara mata kaifi, ga shi ruwan zafi bai riƙe iska kamar mai sanyi ba. Shi ya sa bazara ce lokacin da aka fi kuka. Tsofaffin masu kiwo sun san a cika sabon tanki, wasu su jefa buhun kashin kaji ko busasshiyar ciyawa, a bar shi mako ɗaya ko biyu, a zubar, a wanke, a maimaita. Mai tafkin ƙasa shi ma yana zuba taki ya jira ruwa ya yi kore, ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, idan tafinsa ya fara ɓacewa ya san abincin 'ya'yan kifi ya samu. Ko ruwan burtsatse da muke yabo, yana fitowa ne daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin iska, ya fi kyau a watsa shi daga sama ko a bar shi ya huta kafin ya taɓa kifi.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a Dugabau ɗin ma, a majalisar ƙofar gida. Wani ya ce tarwaɗa ai taurin rai gare ta, ko a kwano ka ajiye ta sai ta wuni. Gaskiya ne. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ake kawo ta kasuwar Galadima a Kano da ranta cikin ɗan ruwa kaɗan. Amma wannan taurin rai shi ne ke rufe mana ido. Kifin ado idan ruwa ya ɓaci mutuwa yake, ka sani nan take. Tarwaɗa ba ta mutuwa da wuri, sai dai ta daina ci sosai, ta tsaya a tsaye a saman ruwa, gashin bakinta ya fara gutsurewa, jikinta ya yi gyambo, girma ya tsaya. Kai kuma kana ta zuba abinci, wanda shi ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Wata biyar ka kira mai saye ya ɗora a sikeli, ka ga abin da ba ka zata ba, ka ce an sayar maka da mugun iri. Wani lokaci irin ne. Sau da yawa ruwan ne. Sannan abin da aka saba yi idan kifi ya fara ciwo, a fasa kafso a juye a tanki ba tare da sanin cutar ba, yana iya kashe 'yan bakteriyar da suka fara taruwa, a koma gidan jiya.

Wani kuma ya kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ya ce talaka da ya ci bashi ko ya sayar da tunkiya ba shi da wata guda na zama. Na ji wannan, kuma ba na raina ta. Amma a duba da kyau: a duk watannin kiwo, wanne ne ya fi araha? Tankin da babu kifi ba ya cin buhu. Tafin hannu guda na abinci ya ishi durom ya yi makonni yana nuna. Abin da ake bukata shi ne a sauya jeri kawai, a fara da ruwa, a ƙare da kifi. Kuɗin irin su zauna a aljihu, ko su yi wata juyawar, har ranar ta zo. Wanda ya yi asarar ɗari biyar a mako na biyu shi ne ya yi zaman wata, har da ƙari, kuma babu tunkiyar.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne kan masu sayarwa da masu rabon tallafi. Mai ƙyanƙyasar kifi ko mai shagon kifin ado da ya san wannan magana ya yi shiru, don ya san za ka dawo sayen wasu, ya ci amana. Wanda bai sani ba kuma bai kamata ya buɗe shago ba. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama kafin a ƙulla leda: yaushe ka zuba ruwanka? Mai hankali ma zai gane cewa wanda kifinsa ya rayu shi ne zai shekara goma yana sayen abinci a wurinsa. Zai iya ajiye sosuna a cikin tsohuwar filtarsa ya riƙa bai wa kowane sabon mai saye guda, kamar yadda maƙwabciya ke ba da ɗan tsohon nono ba ta ce a biya ba.

Su kuma masu tallafi, duk mun ga yadda ake yi. A tara matasa da mata a fili, a kafa rumfa, a jera tankuna, kowa a miƙa masa tanki da buhun abinci da ledar 'ya'yan kifi a rana ɗaya, a ɗauki hoto. Hoton yana kyau. Abin da ba a ɗauka shi ne mako na uku, lokacin da tankin ya koma wurin tara ruwan wanki. Daga nan sai a ce mutanenmu ba su da riƙo, alhali tun a filin taron aka yanke wa kifin hukunci. Ƙasar da gwamnatinta ta sha faɗin cewa tana bukatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma ita ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, bai kamata ta riƙa wasa da sababbin masu kiwo haka ba. A raba tanki da durom da takardun gwaji yau. A turo malamin gona ya zagaya bayan mako huɗu. Wanda ruwansa ya nuna, a ba shi kifi. Ilimin yana nan, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a New Bussa, ga sassan koyar da kiwon kifi a jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne ya sauko cikin Hausa, ya shiga rediyo, kuma 'yar takardar gwajin nan ta samu a shagunan maganin dabbobi na Gwarzo da Kabo, kada sai mutum ya bi ta Rimin Gado da Janguza ya shiga birni kafin ya san abin da ke cikin ruwansa.

Yaron dai bai ji daɗina ba a ranar. Ya kira mai kifin a gabana, murya ƙasa-ƙasa, aka ɗaga, aka kuma rage zuwa ɗari biyu. Muka samo durom, ƙannensa suka bazama bayan gari tsintar tsingaro, abin ya zame musu wasa. Da na koma Kano na ciro rabin soson filtar akwatina, wanda yanzu shekararsa biyar da kifi a ciki, na ƙulla a leda da ɗan ruwa na ba direban motar Gwarzo. Abokansa suka sa masa suna mai kiwon ruwa. Duk wanda ya leƙo sai ya tambaya ina kifin, shi kuma ya ce suna hanya.

Kullum bayan sallar isha'i yakan turo mini hoton takardar gwaji ta WhatsApp. Kwana goma sha biyu launin nitirait ya hau ya zauna, ya ƙi motsi har ya fara cewa ko dai takardun ne suka lalace. Ran kwana ashirin da shida ya kira ni maimakon turo hoto, ko sallama bai gama ba ya ce, "Baffa, ya yi fari!" Aka kawo kifin ranar Asabar ta gaba. Zuwa yanzu bakwai suka mutu, biyar daga cikinsu a daren farko, wahalar mota. Ruwan da yake zubarwa duk bayan kwana uku ya yi masa 'yar hanya zuwa bayan katanga, inda mahaifiyarsa ta shuka alayyafo da yakuwa da zogale uku. Jiya ta karɓi wayar ta ce in gaya masa ya daina rage mata ruwa, tunda kifin nasa ne amma lambun nata ne.